Ranar da Famfon Asibiti Ya Kawo Ruwa

Ƙarar zubar ruwa ce ta tsayar da Injiniya a bakin ƙofar asibitin. Ta yi turus da jaka a kafaɗa, ta karkata kai tana saurare. Wannan ba ƙarar buta ba ce, ba kuma ta jarka ba. Famfon da ke jikin bangon ɗakin jira ne, wanda tun tana firamare bai taɓa ɗigo ba, wanda masu jinya suka mayar wurin rataye leda. Shi ne yau yake kwarara cikin wani sabon baho kamar bai taɓa fushi da kowa ba.

Nas, 'yar kawunta mai aikin jinya a asibitin, tana tsaye kusa da shi cikin farin kaya da suka sha guga, sai murmushi take yi.

"Injiniyar ruwa, sannu da zuwa. Ga ruwa ya iso gari bai ko gaishe ki ba."

"Daga ina?"

"Daga famfo mana. Ke da kika yi jami'a?"

Sunan nan na Injiniya da tsokana aka fara shi. Da ta gama karatun ruwa ta ƙi aikin da aka ba ta a babban birni, ta dawo ta zauna a ofishin ruwa na gunduma, mutane suka yi ta dariya, wai injiniyar ruwa a garin da akuya ke lasar gindin randa. Ta karɓi sunan ta riƙe, har ta sa aka rubuta mata shi a ƙofar ofis.

Bana ne majalisa ta ware wani kaso a kasafin kuɗi domin yankunan fari da aka daɗe da mantawa da su. Garuruwan sun fi ƙarfin kason, saboda haka aka tura kwamiti ya zagaya ya gani da idonsa, ya zaɓi waɗanda za a fara ja wa bututu. Injiniya ta sha zaman benci a ofisoshin babban birni, ta sha "ki dawo gobe", kafin aka sa garinsu cikin waɗanda za a leƙa. Yau kwamitin zai zo ya ga gari marar ruwa. Ga kuma famfo yana kwarara.

Sai yanzu ta lura da sauran abubuwan. An yayyafa wa farfajiyar asibitin ruwa, ƙasa ta kwanta tana ƙamshi. An jera tukwanen furanni a baranda, ta ma gane biyu daga ciki, na gidan mai kemis ne. Hatta bishiyar da ke bakin ƙofa an wanke mata ganye.

Ta bi bututun da ido. Ya hau bango, ya ɓace a rufi. Ta ratsa ɗakin allura, ta tura ƙofar baya.

Tsani ne jingine da bango. A kan rufin an ɗora babban duro, an soka masa tiyo. Daga gindin tsanin har bayan katanga mata ne a jere cikin kayansu na fita unguwa, suna miƙa wa juna bokiti, ta saman tana juyewa a duron. Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, ta ci ɗamara da gyale tana ba da umarni kamar mai tuƙa jirgi.

"Ke mai koren kallabi, a hankali, kina zubar mana da rabi! Au, 'yar nan, kin zo? Rufe mana ƙofa kada asiri ya tonu."

"Gwaggo, ruwan wa ne wannan?"

"Namu mana. Kowane gida ya kawo abin da ke randarsa, sauran kuma mun je rafi mun tono tun duhu bai washe ba."

Rafin da Gwaggo take nufi yashi ne zalla. Sai an tona rami har kafaɗa, a zauna a jira ruwa ya tsattsafo, a riƙa kwasa da ƙoƙo. Injiniya ta san ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. A bakinsu ta yi haddar darasin jarrabawarta ta farko.

Ta sami Kawu a baranda yana gyara zaman kujeru. Shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban gari, kuma shi ne ya tsaya kai da fata sai da ta yi karatu lokacin da wasu ke cewa firamare ta isa. Ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta miƙe.

"Kawu, mutanen nan zuwa za su yi su ga ba mu da ruwa. Ku kuma kun kawo musu ruwa."

"To me kike so? Manyan baƙi su taso tun daga babban birni, mu miƙa musu buta mai ruwan yashi? A je a ce mu ƙazamai ne?"

"A je a ce muna da buƙata."

"Mu ba mabarata ba ne, 'yata. Kakanninki sun zauna a garin nan ba su taɓa nuna wa baƙo gindin tukunyarsu ba."

"Idan suka ga famfo yana aiki, tsallake mu za su yi."

Kawu ya kaɗe ƙurar da babu ita a kan kujera. "Sai ki faɗa musu da baki. Ai don haka muka sa ki a makaranta."

Dariya ta kusa ƙwace mata, haushi ya danne ta. Tana iya zagayawa ta fizge tiyon nan, ba wanda zai hana ta. Amma ta dubi Kawu, ya sa rigarsa wadda ba ya fito da ita sai da dalili, ta tuna matan da suka juye ruwan shan 'ya'yansu don kada a raina garinsu. Ita ma wannan jinin ne a jikinta. Shi ne ya hana ta yin kuka a gaban masinjojin babban birni. Ta bar tiyon a inda yake.

Rana ta ɗaga sosai kafin motoci biyu suka tsaya a ƙofar asibitin. Shugabar kwamitin mace ce mai jiki, da takalmi marar tsini da idanun wadda ta gaji da hanya. Bayanta Sakatare ne, siriri, waya manne a kunne. Aka yi gaishe-gaishe, Kawu ya yi jawabin maraba wanda bai ambaci ƙishirwa ko sau ɗaya ba, sannan da kansa ya ja Shugaba zuwa famfo.

"Ranki ya daɗe, a ɗan wanke ƙurar hanya."

Nas ta miƙa sabulu sabo fil. Shugaba ta murɗa famfo, ruwa ya zubo. Ta wanke hannu, ta wanke fuska, ta sauke ajiyar zuciya.

"Kai, madalla! Rabona da ganin famfo mai aiki tun da muka baro gida." Ta juyo tana magana, ruwan yana ta zuba a bayanta. "Ku kam da sauƙi. Garin da muka baro, yara suka tare mu da jarkoki ba ko ɗigo. Ku ga furanni ma."

Kawu ya washe baki. "Mun gode, ranki ya daɗe, muna dai ƙoƙari."

Sakatare ya matsa ya tara hannu ɗaya a ruwan, ɗayan yana riƙe da waya. "Wannan sai zagaye na gaba ke nan," ya ce da Shugaba, ya koma kan wayarsa.

Murmushin Kawu ya tsaya a inda yake, bai ƙaru ba, bai kuma san hanyar komawa ba.

Injiniya ta matso. "Ranki ya daɗe, ni ce jami'ar ruwa ta gundumar nan. Garin nan ba shi da ruwa. Rijiyoyinmu sun ƙafe, wadda aka haƙa mana da inji ruwan gishiri take fitarwa."

"Na ji ki, 'yata," in ji Shugaba cikin taushin murya. "Duk inda muka je haka ake faɗa mana, kuma ba ƙarya ake yi ba. Shi ya sa aka ce mu zo mu gani. Ni kuma abin da na gani ke nan." Ta nuna famfon da haɓa.

Ga shi an faɗa da baki, kamar yadda Kawu ya ce. Injiniya ta dube shi. Ya sunkuyar da kai yana gyara hannun riga. Ta san idan ta ce "yaudara ce", ta kashe shi a tsaye a gaban baƙi. Idan ta yi shiru kuma, Gwaggo za ta tsufa a bakin ramin yashi.

Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga kai.

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe, famfonmu yana aiki. Ko za ki so ki ga injin da ke turo ruwan? Mu muka haɗa shi da kanmu, babu irinsa a duk inda kika zaga."

Kawu ya yi tari. Nas ta toshe baki da tawul.

"Ƙirar gida? To mu gani," in ji Shugaba.

Injiniya ta wuce gaba, ta ratsa ɗakin allura, ta buɗe ƙofar baya har ƙarshenta.

Bokiti yana tsakiyar tafiya daga hannu zuwa hannu. Ta kan tsani ta ɗaga nata ke nan za ta juye. Gumi ya jiƙa kayan fita unguwar, kwalliya ta narke, amma layin bai karye ba, har wata tana rera waƙa ƙasa-ƙasa don a daidaita hannu.

"Wace marar kunyar ce ta buɗe..." Gwaggo ta juyo, ta yi ido huɗu da baƙuwa. Nan take ta kwance ɗamara ta yafa gyalen. "Lale, lale! Sannunku da hanya. Ya kika ji ruwan namu? Sau biyu muka tace shi, da sabon kallabina."

Shugaba ta dubi tsanin, ta dubi duron, ta bi layin da ido har inda ya ɓace a bayan katanga.

"Wannan ne injin?"

"Shi ne," in ji Injiniya. "Ba ya shan mai, ba ya jiran wuta. Tun kafin a haife ni yake aiki, bai taɓa tsayawa ba. Matsalarsa ɗaya, ciwon baya."

"Da gwiwa!" wata ta ƙara daga tsakiyar layi. Matan suka kwashe da dariya.

"Daga ina kuke ɗebo shi?"

Gwaggo ta nuna gabas da hannu. "Nan kusa ne. Idan kin fita da asuba, kina dawowa kafin rana ta take."

"Kuma kuka zuba shi a nan don mu wanke hannu?"

"To da ƙura za mu bar ku? Ku baƙi ne fa."

Ta kan tsani ta leƙa cikin duron ta yi kira: "Gwaggo, yana ta sauka fa! A miƙo da sauri, har yanzu suna wanka a ciki!"

Shugaba ta kasa kunne. Daga cikin asibitin ana jin ƙarar ruwa yana faɗawa baho, yana tumbatsa, yana bin siminti. Sai ga mace mai jiki, shugabar kwamitin majalisa, ta tattare zani ta juya da gudu. Ta ture Kawu, ta ratsa ɗakin allura, ta iske Sakatare ya ba famfo baya yana ta waya. Da hannu biyu ta murɗe kan famfon har sai da ya yi ƙara.

"Kai ba ka da hankali ne? Ruwan mutane!"

Sakatare ya sauke waya yana raba ido. Shugaba ta tsaya tana haki, tana kallon ruwan da ya malale a ƙasa. Da ta ɗago, Injiniya ta fara nema.

"Mota tana zuwa wurin ramukan nan?"

"Tana kai rabi. Sauran sai da ƙafa."

"Shi ya sa na sa wannan takalmin. Sakatare, zancen zagaye na gaba, bar shi tukuna. Ajiye wayar nan ka ɗauki jarka ɗaya, kada mu je hannu sake."

Ba su dawo ba sai da rana ta karkata. Shugaba ba ta yi alkawari ba, ta ce kwamiti ne zai zauna. Amma ta shiga mota da yashi a takalmi, ta kuma ƙi karɓar ruwan da aka kawo mata ta wanke ƙafa. Sakatare kuwa sai da direba ya taimaka masa ya miƙe bayansa.

Matan suka sauke duron, suka raba abin da ya rage, kowa ta ɗauki nata. Mai kemis ya aiko a mayar masa da furanninsa. Injiniya ta sami Kawu shi kaɗai a ɗakin jira, zaune a kan benci, ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa.

"Kin tona mana asiri, 'yata."

"Na nuna musu injinmu ne, Kawu."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa saboda dariya. "Kin ga yadda matar nan ta ture ni? Ashe manya ma suna gudu."

Nas ta shigo da ledar magunguna, ta nufi famfon za ta rataye kamar kullum. Kawu ya miƙe, ya karɓe ledar daga hannunta, ya ajiye a kan benci. Ya sa hannun rigarsa ta alfarma ya goge kan famfon.

"A daina rataya masa kaya," ya ce. "Ya fara tuna aikinsa."