Numfashin Baba Zarami

"Ɗauke ni a babur ɗinka," in ji Baba Zarami. "Ni zan gaya musu."

Hilary, duba-garin Nguru, yana tsaye a zauren maƙwabcin nasa, wandonsa duk baƙin toka. Jiya wutar da mafarauta suka cinna wa daji ta ci tsohon siton gyaɗa na bayan gari, kwanon asbesto na rufin ya yi ta fashewa kamar bindiga. Tun safe mata ke kwasar tokar don wankin tukwane. Hilary ya yi ta bayani da lasifika cewa tokar guba ce, har muryarsa ta dishe, suka ce ai toka toka ce.

"Baba, likitan Gashuwa ya ce kada ka motsa."

"Shi ne kuma ya ce babu magani. Tayar da babur."

Zarami ne ya yanka kwanon nan da zarto tun yana saurayi. Ƙurar ta yi shekaru kwance a huhunsa, sai bara ta tashi.

Matarsa Hassana ba ta yi musu ba. Ta ɗaure shi a bayan Hilary da zani, ta toshe masa hanci da jiƙaƙƙen tsumma.

A nesa da tokar suka tsaya. Hilary ya kara masa lasifikar a baki. Magana ta ƙi fita, sai numfashinsa da ya cika filin, yana gurnani kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Matan suka miƙe, kwanuka a hannu.

"Kun ji?" ya ce da ƙyar. "Ita ce. Ba ta wari, ba ta ɗaci. Yakaka, fitar da jikanki daga nan."

Yakaka mai ƙosai ta ajiye kwanonta, ta finciko yaron. Nan fa Hilary ya karɓa, ya ce kada kowa ya share, a jiƙa ta da ruwa, a binne. Kafin azahar 'yan garuwa sun yi layi.

Ranar Laraba da hantsi Zarami ya cika. Hilary ya raka gawar har bakin maƙabarta, ya tsaya can gefe, hularsa a hannu.

Da la'asar matarsa Chinyere ta kawo masa abinci. Ya kai loma baki, sai ya tsaya, kunnensa na ga katanga. Ta can ɓangaren babu tari. Tabarmin 'yan gaisuwa kawai ake shimfiɗawa.