Kaset Ɗin Babandi

"Ɓalle masa haƙorin, Mijinyawa," in ji Babandi, yana kwance a tabarma, tari na tsinka masa magana. "Duka biyun."

Na sa bakin almakashina na ɓalle 'yan robobin da ke gindin kaset ɗin. In aka cire su, rakoda ba ta yarda a ɗora wata murya a kai.

Ni tela ne. Bango ɗaya ya raba shagona da ɗakinsa a Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, shekara goma sha biyu ina jin waƙarsa ta cikin bulo. Irin waƙar nan ce ta surutu da samari ke kira raf, yana dukan benci, yana cuɗa Hausa da Yarbanci da Turancin kasuwa. Akwai ɗaya a kan uwarsa mai sayar da goro. Ita nake so. In ya fara ta, sai in ɗage ƙafa daga keke.

Wannan waƙar Kamal ya ɗauka ya tafi Legas. Abokinsa ne na yarinta. Muka ji ta a rediyo da sunan Kamal.

"Wasu daga jami'a suna tara waƙoƙin samari, za su ajiye a gidan tarihi," in ji Babandi. "Sun ce Kamal ne ya fara raf a Ibadan. Shi! Kada ka bari ya taɓa wannan kaset, asalin waƙar na ciki. In ya taɓa, ban yafe maka ba."

"Na ji."

"Rubuta a jiki."

Da girmana na shiga yaƙi da jahilci, rubutuna kamar tafiyar kaza. Na rubuta: Babandi, 1986.

Ya rasu ranar Talata da hantsi. Ranar uku Kamal ya sauko daga mota da baƙin tabarau. Ya yi wa Radiyya, matar mamacin, gaisuwa, sannan ya leƙo shagona.

"Baba Tela, an ce akwai tsohon kaset. Ba ni in ajiye, abin tunawa."

"An ɓalle masa haƙori."

Ya yi dariya. "Haba, Baba. Salatif kaɗan ai ya toshe ramin."

Daga nan na san abin da ya zo yi.

"Ka dawo Juma'a," na ce.

Da ya juya na rufe shago, na hau acaɓa zuwa jami'a. Matar da ke tara kayan Bayarbiya ce, tana jin Hausa. Ta sa kaset ɗin. Muryar Babandi ta cika ofis. Da waƙar ta ƙare sai wata murya ta shigo, siririya: "Wallahi Babandi ban iya ba. Sake yi a hankali in koya."

"Wane ne wannan?" ta tambaya.

"Kamal ne, babban baƙonku."

Ranar buɗe ɗakin tarihin na sa rigar Sallah. Kamal na kujerar gaba. Aka kunna lasifika, aka bar kaset ɗin ya tafi har ƙarshe. Samarin Sabo da ke baya suka fashe da ihu: "Sake yi a hankali, Oga!"

Bai juyo ba. Na kalli ƙeyarsa har na ƙoshi.

Da mutane suka watse na kai Radiyya gaban akwatin gilashi. Kaset ɗin na ciki a kan farin ƙyalle, ramuka biyu a gindinsa, rubutuna a karkace. Ta goge gilashin da bakin mayafinta.