Jan Gari a Ƙirjin Hinda

"Tabar nan ce ta ci ta, Kadi! Tun tana budurwa leɓenta cike da taba da kanwa!"

"Ke Saratu, raba mu! Taba a baki take, me ya kai ta nono?"

Kaltume tana durƙushe tana wanke tsumman miki, gwaggonninta suna ta yi a kan yayarta Hinda, sai ka ce ba ga ta nan kwance tana ji ba. Warin nan… wayyo, ko mushen jaki albarka. Ita Kaltume da ba muryar da ta gagare ta kwaikwayo a Magariya, yau yawu kawai take haɗiya.

Sankara, in ji lokotoron asibitin Damagaram. An makara. Ya tambaya, ina Hinda take aiki? Magaza mana, siton irin gyaɗa, ina kuma? Tun kafin soja su hau mulki ita da Hinda suke cuɗa iri da jan garin maganin ƙwari, hannu ba ko tsumma. Ƙunshin da ya rage — a cusa a ƙirji, a ɗaure zane a kai, a kai gida don ƙwarƙwata. Kowace haka take yi. Gumi ya jiƙa takarda, fata ta rine kamar an sa lalle… amaren gyaɗa! Wa ya raɗa sunan? Ita Kaltume. Da bakin nan nata. Har ta miƙe, ta turo tumbi, ta yi muryar Sallau mai magaza ta hanci: "Mata, wannan ko jinjiri ya lasa ƙiba zai yi!" Hinda ta yi dariya har taba ta sarƙe ta. Tir!

Garin ne? Tabar ce? Lokotoron ma bai yanke ba, balle tsofaffin nan.

Nata ƙullutun kuwa… a nono na hagu. Kamar ƙwarar gurjiya, yau kwana tara. Ba zafi. Na Hinda ma ba zafi da fari, shi ya sa ta ɓoye har damina biyu. In ta faɗa — mota, Damagaram, wuƙa. In ta yi shiru… wa zai wanke nata tsumman? Kadi?

Yanzu. Ta faɗa yanzu.

"Gwaggo, ni ma…"

"Ke ma me, sarauniyar iya shege?"

Har Hinda ta buɗe ido.

"Ni ma… na ga akuyar maƙwabcinmu Mamadu tana cin taba, kuma nononta lafiya lau."

Ta sunkuya, ta ci gaba da wanke tsumman.