Hon da Allurar Zafi

Ni Azariya, da na faɗa rafi da tifa na fito da hulata a kai, sabon agogon zafin inji ne ya so kunyata ni. Na ɗauko matan zumuntar coci a bas zuwa biki a Kagoro. Duk wanda na sani sai na danna masa hon, ina dannawa kuwa sai allurar agogon ta haye ja.

"Baba, sauke mu, kar mu ƙone!" in ji Mama Tamar.

Na tsaya wurin Ezekiyel mai gyaran wayar mota, ya leƙa inji, ya yi dariya. "Baba, baƙar wayar agogo da ta hon a noti ɗaya?"

Ya kankare tsatsa, ya ware wayar agogon, ya ɗaure ta a jikin inji. Allura ta natsu, muka riga amarya isa.

Na ce musu, "Kun gani? Yawan jama'ata ne, ba zafi ba."