Ƙullin da Huda Ta Ƙi Yi

A ƙauyensu Huda, can kusa da garin Suki inda gonakin auduga suka yi iyaka da kogi, kowa ya san littafi ya cinye yarinyar nan. Shekararta goma sha huɗu, amma in ka aike ta ɗiban ruwa sai ka haɗa da addu'a, don tana iya zama a bakin tur'a, magudanar nan da ke shayar da gonaki, ta buɗe littafi har rana ta juya. Ba kuma na makaranta ba. Ƙananan littattafan nan ne na Larabci da wani mai tebur ke ba da aro a kasuwar Suki, masu labarin yaran da suka bar gida, suka ratsa dazuzzukan aljanu, suka dawo sun zama mutane. In ta gama ɗaya, sai ta yini tana jin garinsu ya yi mata kaɗan.

Abokiyar wannan haukan nata ita ce kakarta, Asabe, tsohuwar da idonta ya mutu amma bakinta na nan da ransa. Jikar waɗanda suka taso daga Sakkwato a ƙafa suka zauna a wannan ƙasa ta masu jin Larabci ce, kuma ta rantse Larabcinta na salla ne kawai. Don haka Huda ke karantawa tana juya mata da Hausa, tsohuwar na yi mata tsiya wai Hausarta duk ta sha ruwa. Gidan ba lantarki, man fitila kuma ba abin wasa ba ne, shi ya sa da rana suke yi, a ƙarƙashin rumfa, in kowa ya tafi gona.

To, nan ƙa'idar take. Mutanen zamanin da ba sa tatsuniya da rana, wai mai yi da mai ji makuwa za su yi. In ta kama dole, sai mai bayarwa ya ƙulla bakin mayafinsa kafin ya fara, ya kwance in ya rufe labari.

"Ƙullin ga shi na turke," in ji Kaka Asabe. "Komi nisan da kit tahi, shi ka maido ki."

Huda takan ƙulla, amma a ranta dariya abin yake ba ta. Littafin da inji ya buga a birni, ina ruwansa da tatsuniyar tsofaffi?

A lokacin suna kan labarin wata yarinya, Malak, wadda kogin garinsu ya ƙafe, ta fita ita kaɗai neman inda ruwan ya maƙale. Ran nan sun zo wuri mai daɗi, Huda ta ƙagu, Kaka kuma na ɓare gyaɗa a faifai.

"Kin ƙulla, ja'ira?"

"Na ƙulla, Kaka."

Ba ta ƙulla ba. Ta shiga karatu abinta. Malak ta faɗa wani gari da gidajensa ba su da ƙofa, kowane lungu ta bi sai ya dawo da ita bakin rijiya guda. Huda ta juya shafi, sai ga bango. An yage ƙarshen littafin, wataƙila ma wani ya ƙunshe ƙosai da shi. Ta ja tsaki, ta ɗago za ta yi mita, sai ta ga hannun kakarta ya tsaya cak a cikin gyaɗa.

"Baiwar Allah," in ji tsohuwar a hankali, "ina ƙohwa take?"

Tun daga ranar Kaka Asabe ba ta sake kiran sunan kowa ba. Matar da ke zagaye gidan nan ba sanda, yanzu sai ta tashi tana laluben bango, ta wuce ƙofar ɗakinta kamar babu ita. Sakinatu, uwar Huda, ta ce tsufa ne, aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Huda ma ta so ta yarda tsufan ne, har wata rana da tana gyara mata shimfiɗa tsohuwar ta kama hannunta.

"Matag ga ta bakin rijiya, mi ya sa inuwatta ka bin rana?"

Huda ta gane wadda take nufi. Akwai matar a littafin, tana zaune tana tsefe kai, inuwarta ta miƙe wajen rana maimakon ta guje ta. Amma Huda ta tsallake wannan wurin ran da take karantawa, don ta rasa yadda za ta faɗe shi da Hausa. Ba wanda ya taɓa gaya wa tsohuwar.

Ranar kasuwa ta bi motar Suki. Mai tebur ya yi dariya, ya ce shi ma haka littafin ya zo masa, kuma ba shi da wani. Ta dawo ta tarar Kaka ta daina cin abinci, wai ba a cin tuwon garin da ba a san masu shi ba. Tsohuwar ta fara zubewa a gaban idonsu. Huda ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka mai isarta, don ta san ita ta kai kakarta can ta baro ta.

Washegari da rana tsaka, gida ba kowa, ta zaunar da tsohuwar a ƙarƙashin rumfa. Ta kama bakin mayafinta ta ƙulla tamau, har yatsunta suka yi zafi. Ba ta ko ɗauko littafin ba.

"Kaka, Malak na bakin rijiya. Riƙe hannunta, za ku hita."

Huda ba ta taɓa ƙirƙiro labari ba, kuma hanya ɗaya ta sani a duniya, ta zuwa gida. Ita ta ba su. Ta ce Malak ta juya wa matar nan baya, ta bi ƙanshin ruwa, bango ya tsage suka fita. Ta kawo su bakin kogi, ta sa su a kwalekwale. Ta haye da su tudu, ta bi da su gefen tur'a, auduga dama da hagu.

"Ba nan ba," in ji Kaka, idonta a rufe. "Gadag ga ta karye tun bara. Mu bi ta wajen injin niƙa."

Gaskiya ne, gadar ta karye. Huda ta mai da su ta wajen injin niƙa, ta wuce da su masallaci, ta wuce bishiyar dalbejiya, ta tsayar da su a ƙofar gidansu mai langa-langa. Nan hanyar da ta sani ta ƙare.

Tsohuwar ta ja dogon numfashi, ta shafa tabarma, ta shafa turken rumfa.

"Huda," ta ce. "Yunwa nika ji."

Daɗi ya kusa kashe yarinyar. Ta kai hannu za ta kwance ƙulli, sai Kaka ta damƙe wuyan hannunta da ƙarfin da ba ta da shi jiya.

"Ke, ba ki da hankali? Ni na shigo. Ɗiyar mutane hwa? Kin baro ta cikin rana, tun yaushe take biɗar ruwa."

Iska ba ta motsi, ko kaza ba ta kuka. Sai aka ƙwanƙwasa langa-langar ƙofa, a hankali, irin bugun baƙon da ke jin kunya.

Huda ta tashi. Ta ɗebo ruwa a randa, ta je ta tura ƙofa. Lungu fayau, sai rana. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta juyo. Ba ta yi nisa ba ta ji ana shan ruwa a bayanta, kwat-kwat, babu ko tsayawa numfashi. Ba ta waiwaya ba.

Da shan ya tsaya, Kaka Asabe ta gyara zama, ta jawo faifan gyaɗarta.

"To, yanzu kwance," ta ce. "Ki kuma ɗumamo mani tuwon jiya."