Motar da Ba Ta Jin Totur

Kabo ya shekara goma sha takwas yana kanikanci a bakin titin Zariya, a Gyaɗi-Gyaɗi, amma bai taɓa cin karo da mota irin wadda Muntaka ya kawo masa da daminar 1979 ba. Muntaka direban wani babban ma'aikacin gwamnati ne, Alhaji Shehu na Tarauni, wanda ya dawo da motar daga ƙasar waje bayan ya gama kwas.

"Malam Kabo, motar nan za ta raba ni da aikina," in ji Muntaka. "In na taka totur sai ta yi shiru kamar ba da ita nake ba, can kuma ta fizga. In na tsaya ta mutu. Ga shan mai, ga baƙin hayaƙi. Alhaji ya ce ni ne ban iya tuƙi ba."

Kabo ya kwance kafireta, ya wanke da fetur, ya hure, ya sauya fulogi. Ba abin da ya sake. A jikin kafiretar akwai wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana, da wayoyin wuta uku. Ya jujjuya shi, bai gane kansa ba, kuma bai iya cewa bai sani ba. Sai ya ɗaga silo don injin ya daina mutuwa.

"Je ka, za ta yi. Kar dai ƙafarka ta yi nisa da birki."

Kwana uku bayan nan, da hantsi, Muntaka ya kai matar Alhaji kasuwar Tarauni. Zai gyara tsayuwa, ya taɓa totur, shiru. Ya ƙara dannawa, sai motar ta zabura. A gindin katanga akwai wata mata, Ladi, tana gasa masara. Motar ta haɗa ta da katangar. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Kabo ya je ofishin 'yan sanda, ya tarar da Muntaka a bayan kanta, fuska a kumbure saboda dukan da 'yan kasuwa suka yi masa.

"Malam Kabo, don Allah gaya musu. Kai ka ga halin motar nan."

Kabo ya fara bayani, sai sajan ya ɗago kai daga rubutu. "Wato kai ka gyara ta? Kai ka ce masa za ta yi?"

Kabo ya ce shi fulogi kawai ya sauya. Ranar shari'a ma bai je ba. Aka yanke wa Muntaka shekara uku, kan tuƙin ganganci.

Sai da kaka ta yi sannan Alhaji ya sa wani mai gyaran wutar mota, Ƙasimu, ya duba motar don zai sayar. Ƙasimu ya biyo ta garejin Kabo da ɗan baƙin abin a tafin hannu.

"Ka ga wannan? Shi ke gaya wa inji iya yadda aka taka totur. Cikinsa ya cinye, ƙarya yake ta yi masa. Da ka ɗaga silo kuwa, ai ƙara mata ƙarfin zabura ka yi."

Ranar Juma'a Kabo ya je gidan yari. Muntaka ya rame, an yi masa askin ƙwal-kwabo. Ya saurari duk bayanin Kabo, kansa a ƙasa.

"Na ji," ya ce. "Ni dai na san abin da ƙafata ta yi. Matar nan 'ya'ya huɗu ta bari a Unguwar Gano, kuma suna nan suna cewa wani mahaukacin direba ne ya kashe uwarsu. Su za ka je ka gaya wa."

Washegari Kabo ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan. Wata yarinya tana wanke-wanke a ƙofa, da goyon ƙaninta a baya. Ta ce, "Baba, wa kake nema?"

Ya ce ta yi masa sallama da babanta.