Sallama a Ƙofar Marubuci

Tun da Munzali ya dawo Doha daga Faransa, 'yan'uwansa direbobin unguwar Ain Khaled ba su huta ba. Ka gaishe shi, sai ya ɗauko maka labarin wani ɗan mitsitsin gari a bayan birnin Faris, inda ya raka iyalin kafil ɗinsa, wato maigidan da yake yi wa tuƙi, hutun zafi. Abokansa har sun laƙaba masa Bafaranshe.

Garin bai kai unguwarsu ta Zariya girma ba, amma marubuta sun zauna a cikinsa, kuma mutanen garin ba su manta ba. Duk gidan da marubuci ya taɓa zama, sai ka ga ɗan allo a bango ɗauke da sunansa. Ran nan Munzali ya sauke yaran gida a ƙofar wani irin gidan. Ya leƙa ya ga furanni an ba su ruwa, tebur a goge, tabarau ajiye kusa da alƙalami. Ɗan mutunci ba ya tsayawa ƙofar dattijo bai gaishe shi ba. Ya cire hular aiki, ya rangaɗa sallama, ya roƙi matar da ke tsaron wurin ta yi masa iso. Yaran suka fassara mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki: mai gidan ya fi shekara ɗari da rasuwa.

Kunya ta kama shi, amma abin ya burge shi matuƙa, ya kuma taɓa masa wani miki. Mahaifinsu, Malam Gado, ya ƙare rayuwarsa yana rubuta waƙoƙi da ajami a zauren gidansu. Yanzu yayansa Tanko na son rushe zauren ya fitar da shaguna, amincewar Munzali kawai ake jira tunda gadon nasu ne su biyu.

Ranar Juma'a bayan masallaci, yana zaune cikin mota a bakin kasuwar Souq Waqif, Tanko ya kira.

"Munzali, magina na jira. Me ka yanke?"

"Yaya, a bar zauren nan. A share shi, a rubuta sunan Baba a ƙofa."

"Ikon Allah! Wa zai zo kallon ɗakin ƙasa?"

Sai Munzali ya ba shi labarin garin, bai ɓoye ko sallamar da ya yi wa mamaci ba. Ya saurara yana jiran dariya, don Tanko ba ya barin irin wannan ta wuce. Dariyar ba ta zo ba. Har ya duba wayar ko ta katse.

Can Tanko ya yi gyaran murya.

"Kai sau ɗaya ka yi, kuma bisa kuskure," in ji shi. "Ni tun da aka binne Baba ban taɓa shiga zauren nan ban yi masa sallama ba. Shi ya sa nake son a rushe." Ya ja numfashi. "Wane irin allo ka ce suna kafawa?"